Wuyan da ya yi sako-sako ba murɗawa yake so ba

Ranar Asabar ɗin da ta wuce na je aski a wani shago nan unguwarmu, ina zaune a benci ina jiran layi, wani saurayi da ba zai wuce shekara ashirin da biyar ba yana kan kujera. An gama masa aski an goge masa ƙeya, sai na ga mai askin ya ɗora hannu ɗaya a haɓarsa ɗaya a bayan kansa, ya ɗan jijjiga kan a hankali kamar mai lallashi, kawai sai ya fizge shi gefe, ƙas! Ya sake fizgewa ɗaya gefen, ƙas! Yaron ya sauke ajiyar zuciya ya ce Alhamdulillahi, wai tun da ya faɗi a mashin watan jiya wuyan ke damunsa, yana jin kan ya yi masa nauyi kamar wuyan ba zai iya riƙe shi ba, amma duk sanda aka murɗa masa sai ya ji sakayau na yini guda.

Na ce masa, ƙanina ka je an yi maka hoto kuwa? Ya ce a'a Yaya, ai babu karaya. Na ce wa ya gaya maka babu? Ya yi shiru. Mai askin ne ya karɓe zancen, ya ce Yallaɓai ai wannan ba wani abu ba ne, a TikTok na koya, Turawa ma haka likitocinsu suke yi, sunan abin kairofiraktik, ba tiyata ba allura.

Wallahi tun ranar maganar nan take cina, musamman wannan "ba tiyata ba allura" ɗin, don ita ce yanzu ake tallata abin da ita ko'ina ka leƙa a waya. Matsayina dai shi ne, duk gaɓar da ta yi sako-sako, balle ta wuya, fizga da murɗawa ba maganinta ba ne, ƙarin ciwo ne. Kuma duk wanda zai sa hannu a wuyanka bai tambaye ka tarihin ciwon ba, bai duba ka ba, bai san abin da ke ciki ba, to ka janye kanka, ko mai aski ne, ko mai ɗori, ko wanda ya rataye satifiket ɗin ƙasar waje a bango. Ba ina cewa kowa ya je a yanka shi ba, zan zo kan wannan.

Me ake nufi da sako-sako

Mu a Hausa kalma ɗaya muke da ita, jijiya, amma abu uku ne a wuya. Akwai jijiyar jini, akwai jijiyar da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa ta cikin laka, sannan akwai jijiyar ɗauri, wadda take kamar igiya mai ƙarfi da ke ɗaure ƙashi da ƙashi don kada su wuce iyakarsu.

Ƙashin wuya guda bakwai ne a jere, ɗaya kan ɗaya. Na farko da na biyu daga sama su ne masu ban tsoro, don kusan rabin juyawar da kake yi da kanka hagu da dama, irin ta sallamar salla, a tsakanin su biyun nan take faruwa, kuma yawancin abin da ya riƙe su jijiyar ɗauri ce. Ta tsakiyarsu laka ta wuce. Idan igiyoyin nan suka saki, ko saboda hatsari, ko ciwo ya cinye su, ko mutum haka aka haife shi da jiki mai laushi, sai ƙasusuwan su riƙa motsin da ya wuce ƙa'ida. Wannan shi ne sako-sakon.

To ka duba, shi fizgar nan da ake yi manufarta a motsa gaɓar da ta cije, wadda ta ƙi motsi. Kai kuma matsalarka motsin ne ya yi yawa. Idan noti ya kwance a tayar gaban mashin ɗinka tana rawa, ka kai wa bakanike, ɗaurewa zai yi. Idan ka ga ya kama tayar yana ƙara girgiza ta da ƙarfi ai ka san ba wurin zuwa ka zo ba.

Wannan ba hasashena ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin koyarwa da kiyaye lafiya a aikin kairofiraktik a 2005, kuma a cikin abubuwan da ta lissafa cewa ba a fizgar wurin sam akwai sabuwar karaya, da ƙari a laka, da tarin fuka na ƙashin baya, da gaɓar da ta nuna alamar rashin tsayuwa daram. Wato su kansu masu sana'ar, na kirkinsu, sun san wuya mai sako-sako ba wurin fizga ba ne.

"Amma ai ina jin daɗi idan an yi"

Na yarda, kuma ba na ƙaryata kowa. Yaron can na shagon aski ba ƙarya yake ba, da gaske yana jin sauƙi. Tambayar ita ce me ya jawo sauƙin, kuma kwana nawa yake yi.

Ƙarar nan ta ƙas da ake ji mutane sun ɗauka ƙashi ne ya koma mazauninsa. Ba haka ba ne. A cikin gaɓa akwai ruwa mai santsi, idan aka buɗa gaɓar da sauri sai kumfar iska ta fito a cikin ruwan, ita ce ƙarar. A 2015 masu bincike a Jami'ar Alberta ta Kanada sun sa yatsan mutum a na'urar hoton MRI suna jan sa har ya yi ƙara, aka ga kumfar tana fitowa ƙiri-ƙiri. Irin ƙarar da yara ke yi da yatsunsu ce a aji, babu abin da ya goce balle ya koma.

Sauƙin kuma, naman wurin ne da ya ɗaure yake ɗan saki na wani lokaci. Ga inda matsalar take ga mai sako-sako: naman wuyansa ba haka kawai ya ɗaure ba, yana ƙoƙarin yin aikin da igiyoyin suka kasa ne, shi ke riƙe da kan. Ka zo ka sassauta shi da fizga, ya ji daɗi yau, gobe jikin ya sake ɗaurewa don dole ya kare kansa, sai ya koma a sake murɗawa. Haka za ka ga mutum ya mayar da abin kamar shan shayi, har ya koyi yi wa kansa, yana zaune a majalisa ya kama haɓarsa ya murɗa sau biyar sau shida a yini. Abin da kake buƙatarsa kullum kuma ciwon bai tafi ba, ina maganin yake?

"Ai ilimi ne, daga Turai ya zo"

Daga Amurka ya zo, kuma yana da kyau a san yadda ya fara. Wani mutum ne mai suna Daniel David Palmer a garin Davenport na jihar Iowa, a 1895. Ba likita ba ne, kafin nan sana'arsa warkarwa da abin da yake kira maganaɗisun jiki. Ya ce ya danna ƙashin bayan wani mai share gini mai suna Harvey Lillard da ke fama da matsalar ji, kunnen ya buɗe. Daga nan ya gina ra'ayin cewa kusan duk cututtuka daga gocewar ƙashin baya suke, wai yana danne jijiya. Ya buɗe makaranta a 1897, a 1906 kuma aka ɗaure shi kan yin aikin likita ba lasisi.

Ban kawo wannan don in ce duk mai sana'ar yau macuci ne ba. Abin ya canja sosai, a Amurka da Kanada da Ingila ana karatunsa shekaru, akwai hukumomin da ke ba da lasisi suna kuma ƙwacewa. Amma har yau gidan ya rabu biyu, akwai waɗanda suka tsaya kan ciwon baya da wuya da gaɓoɓi suna bin hujjar bincike, akwai kuma masu riƙe da tsohon zancen Palmer, su ne za ka ji suna cewa suna maganin asma da hawan jini da kukan jarirai. A 2010 hukumar da ke kula da sana'ar a Birtaniya da kanta ta fito ta ce wannan batu na gocewar ƙashi mai haddasa cututtuka babu hujjar binciken asibiti da ta goyi bayansa. A shekarar ce kuma ƙungiyar masu sana'ar ta Birtaniya ta janye ƙarar da ta kai marubucin kimiyya Simon Singh, wanda ya rubuta a jaridar Guardian a 2008 cewa suna tallata maganin cututtukan yara ba tare da hujja ba.

To idan a can inda akwai doka da kotu da hukuma ana wannan ja-in-ja, ina ga wanda ya kalli bidiyon sakan talatin ya zo yana gwadawa a wuyan ɗan mutane? Bidiyon ba ya nuna maka tambayoyin da aka yi kafin nan, ba ya nuna hoton da aka duba, ba ya nuna wanda aka ce masa kai ba za a yi maka ba. Ƙarar kawai yake nunawa, wasu ma makirfo suke maƙala wa mutum a kwala don ta fito da kyau, saboda ita ke kawo masu kallo.

"Wato kai so kake a yi ta yanka mutane"

A'a wallahi. Wannan ita ce maganar da ta fi min ciwo, don tsoron tiyata da mutanenmu ke yi ba na banza ba ne, kuma da wannan tsoron ake cin kasuwa. Kowa ya san wani da aka ce an yi masa aiki a baya bai sake tashi ba, ko gaskiya ne ko ƙari, labarin ya zauna a zukata. Sai mai talla ya zo ya nuna maka kamar hanya biyu ce kawai, ko wuƙar likita ko hannunsa.

Gaskiyar ita ce mafi yawan ciwon wuya da na baya ba ya buƙatar tiyata ko kaɗan, su kansu likitocin ƙashi haka za su gaya maka. Mai ciwon wuya na yau da kullum, wanda ya kwana a karkace, ko tela da ya yini a sunkuye kan keke, ko ɗalibin da kansa ke kan waya tun safe, wannan yawanci da kansa yake warwarewa cikin kwanaki ko makonni idan ya ci gaba da motsi.

Kuma zan yi adalci, ga irin wannan ciwon na yau da kullum aikin hannu, wato danna gaɓa da fizgar ta da ƙwararre ke yi, yana da ɗan amfani. Ƙungiyar likitocin Amurka ta American College of Physicians a 2017 ta sa shi cikin abubuwan da za a iya gwadawa ga ciwon ƙugu kafin a kai ga ƙwayoyi, tare da gashi da tausa. Hukumar NICE ta Ingila, mai tsara wa likitoci ƙa'idojin magani, a 2016 ta ce a yi shi amma a haɗe da motsa jiki, ba shi kaɗai ba. Akwai kuma wani bincike da aka buga a 2012 a mujallar Annals of Internal Medicine kan mutum 272 masu ciwon wuya, aka raba su uku, wasu aikin hannu, wasu ƙwayoyi, wasu kuma aka koya musu atisayen da za su riƙa yi a gida. Aikin hannu ya fi ƙwayoyi, amma masu atisayen gida sun samu sauƙi kusan daidai da waɗanda aka yi wa aikin hannun. Ka ji fa, abin da za ka yi a ɗakinka kyauta.

Shi kuma mai sako-sako na gaske, maganinsa da ba na tiyata ba yana nan, sai dai ba shi da ƙara kuma ba ya kyau a bidiyo. Ƙarfafa ƙananan naman da ke can cikin wuya ne a hankali, irin atisayen da za ka kwanta ka ɗan ja haɓa ciki kamar mai cewa "to" ka riƙe na wasu sakanni, da ƙarfafa naman kafaɗa da na tsakanin allon baya, da gyara yadda kake zama da yadda kake kwanciya, wani lokaci a sa maka abin tallafe wuya na ɗan lokaci, ba na dindindin ba don shi ma idan ya daɗe naman yake kashewa. Wata biyu, wata uku, wani ma fiye. Wannan aikin 'yan fisiyo ne, waɗanda muke ce wa masu gashin ƙashi, ana karanta shi a Jami'ar Bayero da wasu jami'o'inmu, ba sai an je Amurka ba.

Haka abin yake ga sauran gaɓoɓi. Ɗan ƙwallon da idon sawunsa ke yawan targaɗe, ko wanda kafaɗarsa ta taɓa gocewa take ta maimaitawa, ja da murɗawa ba ya ƙara musu komai, abin da ke taimako shi ne atisayen ƙarfi da na tsayuwa a ƙafa ɗaya har jikin ya koyi riƙe gaɓar. Idan an yi duk wannan abin ya ƙi, ko kuma laka ta fara matsuwa har hannu na mutuwa, to a nan tiyata take shigowa, kuma a irin wannan halin gudun ta shi ne hatsarin.

Maganar jijiyar jini

Wannan ce mutane ba su sani ba sam. Akwai jijiyoyin jini guda biyu da ke hawa ta cikin wasu ƙananan ramuka a gefen ƙasusuwan wuya, su yi kwana a daidai ƙashi na farko su shiga kai, su ke shayar da bayan ƙwaƙwalwa. Idan aka juya kai da ƙarfi farat ɗaya, bangon jijiyar na ciki yana iya tsagewa, jini ya daskare a wurin, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa. Shanyewar ɓarin jiki kenan, ga matashi mai jini a jika. Kuma ba lallai a take ba, yana iya zama bayan awoyi ko kwanaki, shi ya sa ba wanda zai danganta shi da abin da ya faru a shagon aski, sai a ce iska ce ta buge shi.

A watan Fabrairun 2016 wata mai tallan kayan ƙawa a Amurka, Katie May, ta rasu tana da shekara 34, kuma ofishin binciken gawa na Los Angeles ya ce tsagewar wannan jijiya ce sakamakon murɗa wuya da aka yi mata a wurin mai kairofiraktik.

Masu kare sana'ar suna da amsa, kuma amsar tana da nauyi. Wani babban bincike a lardin Ontario na Kanada a 2008 ya gano cewa masu irin wannan shanyewar sun ziyarci likitan asibiti kafin ta same su kamar yadda suka ziyarci masu kairofiraktik, ma'ana wataƙila jijiyar ta riga ta fara tsagewa, ciwon wuyan da ciwon kan da ta haddasa ne ya kai su neman magani. Na ji wannan. Abin ba ya faruwa da yawa, wannan gaskiya ne. Amma ka tsaya ka yi tunani, idan har mutum zai iya shigowa da jijiyar da ta fara tsagewa yana cewa wuyana ke ciwo, ashe wannan ma babban dalili ne na kada a fizge shi kafin a bincika. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka a 2014 ta ce a riƙa sanar da mutum wannan alaƙar kafin a murɗa masa wuya. Mu nan wa yake sanar da wa?

Ni lissafina mai sauƙi ne. Idan ribar ita ce sauƙin da atisaye zai iya ba ka kusan irinsa, asarar kuma ko da ba ta cika faruwa ba ita ce ka ƙare rayuwa a kwance, to garin gyaran gira kada a rasa ido.

Namu ciwukan ba irin nasu ba ne

Wani abin da masu kwaikwayon bidiyo ba sa lura da shi, wanda ke kwance a gadon can na Amurka yawanci ma'aikacin ofis ne da kujera ta gajiyar. Mu wa ke zuwa da ciwon wuya? Wanda ya faɗo daga mashin ba hular kwano. Ɗan dakon da ya shekara ashirin yana ɗora buhu a ka. Matar da ke ɗauko ruwa da itace tun tana yarinya. Wanda mota ta yi hatsari da shi aka ciro shi ta taga aka ce ya tashi ya taka ai lafiyarsa ƙalau.

Ga tarin fuka, wanda Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi fama da shi a duniya, kuma ba huhu kaɗai yake kamawa ba, yana shiga ƙashin baya ya cinye shi a hankali, mutum yana ciwon baya da rama da zufar dare, wani ma ba ya tari. A danna irin wannan bayan da ƙarfi, ƙashin da ya riga ya rube ya rufta kan laka.

Ga sanƙarau, da muka san shi sarai lokacin zafi. Alamarsa ta farko ai ita ce wuya ya sanƙare da zazzaɓi da ciwon kai. Wannan awoyi ake ƙirgawa, duk lokacin da aka ɓata wurin tausa da murɗa wuya daga ran yaron ake cirewa.

Ga masu amosanin gaɓoɓi irin wanda ke kumbura yatsu yana lanƙwasa su, shi ma yana cin igiyar da ke riƙe ƙashi na farko da na biyu. Ga yaran da aka haifa da larurar Down, mai jinkirta girma da fahimta, wasunsu gaɓar nan tasu a sake take tun asali. Ga masu jiki kamar roba, waɗanda babban yatsansu ke taɓa damtsen hannu gwiwarsu na lanƙwashewa baya, muna yi musu kallon masu baiwa alhali wasunsu larura ce ta gado. Ga tsofaffinmu mata da ƙashinsu ya yi taushi. Duk waɗannan daga waje wuyansu iri ɗaya ne da na kowa, hannu ba ya gane su, tambaya da gwaji da hoto ke ganewa.

Ban raina masu ɗori ba, ni ma a gidanmu an sha kai yara wurinsu, kuma akwai masu amana a cikinsu da idan suka ga abin ya fi ƙarfinsu za su ce a tafi asibitin ƙashi na Dala a Kano. Irin waɗannan ina girmama su. Amma hannu da ƙafa daban, wuya daban. Hannu idan ɗori ya karkace a iya gyarawa, laka idan ta yanke ba ta haɗuwa.

"Asibitin ai sai mai kuɗi"

Wannan ita ce hujjar da ba ni da cikakkiyar amsarta, kuma ba zan yi kamar ina da ita ba. Na taɓa kai mahaifiyata wani asibiti da ciwon wuya da ke sauka mata har hannu, muka fita tun asuba, ba mu ga likita ba sai bayan azahar, bai yi minti biyar da mu ba, ko taɓa wuyan bai yi ba ya rubuta ƙwayoyi da hoton da kuɗinsa ya fi albashin wata na mutane da yawa. A hanyar dawowa ta ce min, kai da wurin mai tausa ka kai ni da aƙalla ya saurare ni. Ban iya ce mata komai ba don gaskiya ta faɗa.

Abin da ke kai mutane wurin masu murɗa wuya kenan, suna ba ka lokaci, suna taɓa inda ke ciwo, suna ba ka bayani mai sauƙin ganewa ko da ba daidai ba ne, kuma ka fita kana jin an yi maka wani abu. Likitocinmu su ji wannan da kyau. Daga baya wata 'yar fisiyo ce ta zauna da Hajiya kusan rabin awa, ta gwada ƙarfin hannunta da yatsunta, ta ce Mama ga abin da za ki riƙa yi safe da yamma, ta nuna mata har ta iya. Wata uku ana yi kafin ta koma ɗaukar butarta da wannan hannun.

Amma tsadar asibiti ba ta mayar da fizga ta zama lafiya. Idan ba ka da kuɗin hoto, barin wuyan a yadda yake ya fi a murɗa shi a makance, ka sa tsumma mai ɗumi, ka riƙa motsa shi a hankali iya inda ba ya ciwo, ka daina ɗaukar kaya a ka na wani lokaci. Kuma ba kowane ciwon wuya ke buƙatar hoto mai tsada ba, sau da yawa tambaya da gwajin hannu a wurin wanda ya san aikin sun isa su raba mai hatsari da mara hatsari.

Akwai dai alamomin da idan an gan su ba maganar jira ko lissafin kuɗi, a ranto a tafi: ciwon wuya bayan faɗuwa ko hatsari, hannu ko ƙafa na mutuwa ko rashin ƙarfi, abu na suɓucewa daga hannu, tafiya na tangaɗi, jiri da gani biyu-biyu, harshe ya yi nauyi ko haɗiya ta gagara, fitsari ya ƙwace ko ya ƙi fita, zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko wani irin ciwon kai na ƙeya da mutum bai taɓa jin irinsa ba.

Wa ke sa ido?

A Najeriya akwai hukumar rajistar masu aikin farfaɗo da lafiyar jiki, MRTB, da aka kafa a 1988, ita ke yi wa 'yan fisiyo rajista kuma kairofiraktik ma a ƙarƙashinta yake. Don haka duk wanda ya buɗe wuri ya ce shi ƙwararre ne, haƙƙinka ne ka ce Malam ina lasisinka, a ina ka yi karatu, shekara nawa. Ba rashin kunya ba ne. Na gaske ba zai ji haushi ba, kuma za ka gane shi tun daga yadda ya fara, zai tambaye ka ko ka taɓa faɗuwa, ko kana shan maganin tsinka jini, ko kana jiri, zai gwada ƙarfin hannunka, kuma ba zai ji nauyin ce maka wannan ba nawa ba ne tafi wurin likitan ƙashi ba. Wanda ya ce sai ka biya kuɗin zuwa ashirin a dunƙule, ko ya ce zai warkar maka da ciwon suga ta hanyar danna baya, ko ya fara saita kyamara kafin ya tambayi sunanka, ka ɗauki takalminka.

Ita ma hukumar da ƙungiyoyin masu aski ya kamata su yi magana da babbar murya, a rediyo, da Hausa. Masu askinmu ba mugaye ba ne, kyautatawa suke nufi, ƙari ne suke yi wa kwastoma kamar yadda suke fesa turare, babu wanda ya taɓa zaunar da su ya ce ga abin da ke cikin wuyan nan.

Da layi ya zo kaina ranar, na zauna na ce masa maigida aski kawai, ban da wuya. Ya yi dariya ya ce Yallaɓai tsoro kake ji? Na ce eh tsoro nake ji, na ɗauki wayata na nuna masa zanen jijiyoyin nan biyu yadda suka ratsa ta cikin ƙashi suka yi kwana a ƙarƙashin ƙoƙon kai. Ya daɗe yana kallo, injin askin na ta kuka a hannunsa, sannan ya ce shi wallahi ya ɗauka nama ne kawai da ƙashi a wurin. Yaron kuwa ya riga ya fita, na bi shi waje na same shi yana ƙoƙarin tayar da mashin, na roƙe shi don Allah ranar Litinin ya je asibitin ƙashi a duba shi, kuma kafin nan kada ya bari kowa ya sake taɓa masa wuya. Ya ce to Yaya, in sha Allahu.